Rediyon Goggo Inno

Ku matso, ku yaran bana. E, yara na ce. Na san wasunku sun girme ni, har da mai gemu a cikinku, amma a wannan sana'a ni kakarku ce. Shekarata goma sha tara, na fara tun ina 'yar sha biyar, kuma kowace shekara a aikin nan tana tsofar da mutum kamar goma. Jiya na ji ɗayanku yana faɗa wa abokinsa wai aikin banza ne, a ba ka jaka da hula, ka shiga ƙauye ka yi wa tsofaffi tambayoyi, ka dawo ka ci shinkafa. To ga ni, Habsi, bari in ba ku labarin shinkafar.

Daga Gwandu har Kalgo, 'yan tambaya ake ce mana. Masu binciken halayyar ɗan Adam suna zuwa daga nesa, suna so su san abin da ke rage wa mutum tsoro ko damuwa. Ba su san hanya ba, ba su iya gaisuwa ba, kuma ba a barin su shiga cikin gida. Mu ne ƙafarsu, mu ne bakinsu. Idan aiki ya yi kyau sunansu ake rubutawa. Idan ya ɓaci, mu muke zama a garin.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Malam Gado, mutumin Gwandu, tsohon malamin firamare, mai babur ɗin da na tabbata ya girmi mahaifina. Ya ɗauke ni ne domin yana neman yarinyar da za ta shiga gidajen da aka rubuta ba shiga, aka ce masa akwai wata a Kalgo da ko a jana'iza sai an toshe mata baki. Ranar farko bai kai ni ofis ba, fadama ya kai ni. Ya nuna mini fangali biyu na albasa.

"Wanga na zuba mishi taki, wancan ban zuba ba," in ji shi. "Don mi?"

Na ce, "Takin ne ya ƙare."

Ya ɗan ja mini kunne. Ya ce idan ya zuba wa duka biyun, albasa ta yi kyau, ta ina zai san taki ne ya yi aiki ba ruwa ba, ba ƙasa ba? Dole a bar ɗaya haka nan domin a kwatanta. Haka ake yi da mutane: rukuni ɗaya a ba shi abin da ake gwadawa, ɗaya a bar shi. Sai dai mutum ya fi albasa rigima. Albasa ba ta san an zo wurinta ba. Mutum kuwa, da zarar ya ga an zo da jaka, an zauna a tabarmarsa, an miƙa masa wani abu, sai ya fara jin sauƙi ko da gawayi aka ba shi. Saboda haka rukuni na biyu ma sai an ba shi wani abu mai kama da na gaske, amma babu komai a ciki. Malam Gado yana kiran wannan fanko, kamar fankon ashana.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai waya mai tambayoyi, wadda cajinta ke mutuwa daidai lokacin da tsohuwa ta fara faɗin gaskiya. Akwai takalmin roba. Akwai ƙwarya da faifai, da duwatsun wuya ja da kore, waɗanda ake zubawa a ciki kowa ya sa hannu ya zaro ba tare da ya leƙa ba, launin da ya samu shi ne rukuninsa. Amma babban kayan aiki ba a jaka yake ba, a gaban kai yake. Fuska. Fuskar da ka miƙa na gaske da ita, da ita za ka miƙa fanko, ba ƙarin murmushi, ba sunkuyar da kai.

Ga yadda ya horar da tawa fuskar. Sai ya ba ni samira biyu a rufe, ɗaya da nama, ɗaya da tsakuwa, ya nuna mini wacce ce wacce, ya ce in kai wa matarsa ɗaya. Idan ta gane daga fuskata, na faɗi. Ni kuwa idan na ɗauki ta tsakuwa, tun daga zaure dariya take cin cikina, kafin in iso tsakar gida har kaji sun gane. Na yi wata da watanni ina jigilar tsakuwa, na kai matar nan duwatsun da za su gina masallaci. Daga ƙarshe fuskata ta daskare kamar ta mai karɓar haraji. Duk da haka Malam Gado bai yarda da ita ba. Ya ce mafi aminci shi ne a ɓoye mini ni ma, in miƙa abu ban san ko mene ne ba.

Aikina na farko a wata makaranta ne a Kambaza. Wani mai bincike yana so ya ga ko imani kaɗai yana rage tsoron jarrabawa. Aka ba aji ɗaya alawa, aka ce musu mai yiwuwa ta kwantar da gaba. Ɗaya ajin ba a ba su komai ba. Alawar nan ta kanti ce, an dai cire mata leda. Muka koma gindin bishiyar bedi muna jira, mai binciken yana ta murza hannu. Abin da bai sani ba, a Kambaza ba a cin abu ɗan'uwa yana kallo. Kafin a tashi tara, kowane yaro ya gutsura tasa ya kai wa ƙanensa ko ɗan maƙwabta a ɗaya ajin. Wata yarinya ta raba tata gida bakwai da haƙori. Har akuyar hedimasta na ga tana lasar baki, kuma wallahi ranar ba ta ji tsoron kowa ba. Mai binciken ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Malam Gado ya ce masa, "Ka yi haƙuri, tarbiyya ce ta ɓata maka aiki."

Mutanen da muke yi wa aiki kuwa iri-iri ne. A Dalijan na yi wa wani tsoho tambayoyi kan barci da tunani, ban ba shi ko ruwa ba. Da na koma bayan mako ya ce ciwon bayansa ya tafi, ga maƙwabtansa nan a jere a ƙofar gida, kowa yana so a tambaye shi. Wannan ɓangaren dariya ne. Ɗaya ɓangaren shi ne wanda ya zaro dutsen da bai so ba. Ba zai zagi ƙwarya ba, ba zai zagi mai bincike ba, ke da kika riƙe ƙwaryar zai zaga. An ce mini mai baƙin hannu. An ce na sayar da rabon mutane. Wata mata ta yi shekara ba ta amsa gaisuwar mahaifiyata a gidan biki.

Yanzu sai mu zo kan muguwar shekara, shekarar da ruwa ya yi yawa.

Goggo Inno yayar mahaifina ce, a hannunta na tashi. Sana'arta bandar kifi. Duk ranar da kasuwa za ta ci, sai ta sauka bakin gulbi ta shiga jirgin Mamman, ta haye wurin masunta ta sayo tarwaɗa da ƙarfasa tun suna motsi, ta dawo ta banda. Da wannan ta ciyar da gida, da wannan ta saya mini littattafai. A waccan daminar jirgi ya kife da su a tsakiyar ruwa. Ita ta rungumi wata jarka har aka ciro ta. Ƙawarta da suke zaune kafaɗa da kafaɗa ba ta fito ba. Tun daga ranar Goggo ba ta ƙara taka jirgi ba. Idan ta hango gulbi, ƙafafunta sai su ƙi ta, gumi ya karyo mata. Ta koma sayen kifi a hannun 'yan sari na wannan gefen, wanda ya kwana ya yi laushi, ga tsada. Murhun banda ya fara kwana ba wuta.

Bayan ruwa ya janye sai ga wata mai bincike ta sauka a Kalgo. Ba ta nan ba ce, daga nesa ta zo, muna ce mata Dakta. Hausarta ta tsaya a "sannu" da "nagode". Abin da ya kawo ta shi ne tsoron ruwa a wurin matan da suka tsira. Ta zo da ƙananan rediyo masu cin kati, kowanne da abin sawa a kunne. A rabin katunan akwai darussa na gaske, yadda mutum zai sarrafa numfashinsa ya kusanci abin da yake tsoro sannu a hankali. A ɗaya rabin fanko ne: murya ɗaya, tsawo ɗaya, amma magana ce ta daban da ba ta shafi tsoro ba. An ɗiga wa rediyoyin jan farce, wasu ja wasu kore. Dakta kaɗai ta san wane launi ne na gaske. Mu an hana mu saurara.

Malam Gado ya ba ta labarin alawar Kambaza, saboda haka aka kafa doka. Kowace mace za ta saurara ita kaɗai, da abin kunne, ba za ta ara wa kowa ba, ba za ta faɗa wa kowa abin da ta ji ba, sai an gama. Kowacce ta yi alkawari da bakinta.

Ni na jawo Goggo. Da farko ta ƙi.

"Ke Habsi, rediyo ka warkar da mutum? Tun ina budurwa nika sauraren rediyo, ban ga ya cire ma kowa ko ƙaya ba."

"Goggo wannan na likitoci ne. Ki gwada, ba allura ba ce."

An tara matan a gidan mai unguwa, na karanta musu sharaɗi kamar yadda aka rubuta, cewa wasu za su samu na gaske, wasu za su samu wanda babu magani a ciki, kuma ba za a faɗa ba sai ƙarshe. Duka suka gyaɗa kai. Ku riƙe wannan, ku sababbi: kowa yana gyaɗa kai a wurin nan, kuma babu wanda yake zaton shi ne. Goggo ta yi bisimilla, ta sa hannu ƙarƙashin faifai, ta zaro ja. Na miƙa mata rediyo mai ɗigon ja da fuskar da Malam Gado ya gina mini.

Da yake 'yar'uwata ce, ba ni nake yi mata tambayoyin mako-mako ba, wata abokiyar aikina ce. Amma gida ɗaya muke kwana, ina gani. Bayan la'asar sai Goggo ta yi alwala, ko da tana da ita, ta shimfiɗa tabarma a bayan rumbu, ta sa abin kunne ta rufe ido. Ta ɗinka wa rediyon riga da ƙyallen atamfa. Idan jikokinta suka matso sai ta daka musu tsawa. Sauran matan, na san wasu sun ɗan ba juna sun ji, mutanenmu ne. Goggo kuwa ko sau ɗaya. Na taɓa lallaɓa ta.

"Goggo, me mutumin yake cewa ne?"

"Ke ba ke kika karanta muna doka ba? Tashi ki ba ni wuri, 'yar tambaya."

Sai abubuwa suka fara canzawa. Wata rana ta raka ni har inda ake hango gulbi, ta tsaya tana kallo, ba gumi. Wani mako ta sauka har bakin ruwa ta wanke ƙafa. Ranar wata kasuwa da safe na ga ta ɗauki kwandonta da ya daɗe a rataye, ta soke rediyon a ƙugu, ta ce in biyo ta. Mamman mai jirgi yana ganin ta ya miƙe tsaye.

"Inna, yau ke da kanki?"

"Awo, ni da kaina. Riƙe jirginka da kyau, in ka kihe da ni wagga karon sai na ci kasuwarku."

Ta sa abin kunne, ta ɗaga zane, ta taka. Jirgin ya yi rawa, ta dafe gefe, ta zauna. Na tsaya a gaɓa ina kallon ɗankwalinta yana ƙanƙancewa har ya kai wancan gefe. Da azahar ta dawo da kwando cike da tarwaɗa, tana yi wa masunta tsiya wai sun ƙara kuɗi don sun ga ba ta nan. Ranar hayaƙin bandarmu ya rufe unguwa, har limamin unguwa ya aiko a tambaya ko gobara ce. Ni kuwa na bi gari ina shela cewa ja ne na gaske, ko makaho ya gani. Na faɗa wa Malam Gado, ya dube ni ya ce, "Albasa ba ta san an zo wurinta ba." Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Haka Goggo ta ci gaba da hayewa har aka gama aikin.

A sana'ar nan akwai ranar da ba a gaya muku ba lokacin da ake raba jaka. Ranar bayani. Doka ce, kuma doka ce mai kyau a takarda: idan an gama, dole a tara mutane a faɗa musu gaskiya, wane ne ya samu mene. An sake taruwa a cikin gidan mai unguwa. Malam Gado ba ya shiga, yana zaure. Dakta tana kan kujera, ni ina tsaye kusa da ita, ita ta faɗa da Turanci ni in juya. Goggo tana sahun gaba, rediyonta a cinya cikin rigarsa ta atamfa, ta kawo wa Dakta tsarabar kifi a ƙunshe.

Dakta ta yi godiya, na juya. Ta ce an samu sakamako mai kyau, duka rukunin biyu sun samu sauƙi, amma ɗaya ya ɗan fi, na juya. Sannan ta ce kore ne na gaske.

Na tsaya. Ta ɗauka ban ji ba, ta maimaita, har da ɗaga koren dutse sama. Babu wanda zai juya maganar sai ni, kuma mata sun zuba mini ido. Na gyara fuska na ce, "Masu kore, naku ne mai darasin. Masu ja, naku babu magani a ciki. An ba ku ne domin a kwatanta."

Wuri ya kaure. Wata ta ce dama ta sani. Wata ta ce Allah ya isa. Da hayaniya ta lafa, sai Goggo ta kira ni.

"Habsi."

"Na'am, Goggo."

"Mutumin nan da ke maganar wake. Yadda za a shanya shi, a zuba toka, a toshe bakin jarka kada ƙwari su shiga. Wake kawai yake nufi?"

A nan na fara jin abin da ke cikin katin. Na tambayi Dakta, ta ce e, darasin adana wake ne, sun zaɓe shi ne domin ba ya cutarwa kuma yana da amfani.

Na ce, "Wake kawai, Goggo."

"Ni na aza maganin na ƙarƙashin maganar. Rubutun sha ma, in ka dube shi, ruwan tawada ne." Ta juya rediyon a hannunta. "To da mi na haye gulbi?"

Na juya wa Dakta tambayar. Fuskarta ta yi haske, ta ce wannan ita ce tambaya mafi kyau, a faɗa wa Mama da ƙarfin zuciyarta ta haye, ita ta warkar da kanta. Na faɗa. Magana ce mai daɗi, kuma mai yiwuwa gaskiya ce. Goggo ta dube ni kamar na ce mata jirgin da ta yi wata da watanni tana shiga ba shi da gindi.

Dakta ba muguwa ba ce, kada ku ce na ce. Ta zo da katunan gaske domin duk masu ja, kyauta, a ranar. Ni aka ba in raba. Na bi layi ina miƙawa, wasu suka karɓa suna gunaguni. Da na iso gaban Goggo na durƙusa na miƙa mata. Ba ta dubi katin ba, fuskata ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Wanga shi ne na gaske?"

"Shi ne, Goggo. Wallahi."

"Haka fuskarki take ranar da kika ba ni wancan. Ko ƙiftawa ba ta canza ba." Ta cire wa rediyon rigar atamfa, ta ninke ta, ta ajiye shi tsirara a gabana. "Ki ba wanda ya iya gane ku."

Ta bar wa Dakta kifin, domin ba ta komawa gida da kyauta. Dakta ta tafi a makon, na ji an ce aikin ya samu yabo a can inda ake yabon irinsa.

Ranar kasuwa ta gaba Goggo ta ɗauki kwando, na bi ta. Ta sauka har bakin ruwa. Mamman ya kawo jirgi ya riƙe shi da gora. Ta ɗaga zane, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a sama. Na ga gumi yana bin bayan kunnenta. Mamman ya ce, "Bisimilla Inna, ai kin saba." Ta mayar da ƙafar ƙasa, ta miƙo mini kwandon, ta ce in zaɓi masu motsi, kada in yarda su sa mini na jiya a ƙasa.

Har yau ni nake hayewa. Shi ya sa kuke ganin ina zuwa aiki ranar kasuwa a makare ina ƙarnin tarwaɗa, kuna toshe hanci kuna dariya. Masunta sun gane ban iya ciniki ba, suna yanka ni yadda suke so. Katin gaske yana nan a jakata, na kai shi wurin Goggo ya fi a ƙirga, na sa liman ya yi mata magana, na sa Malam Gado ya zo har gida ya yi mata bayanin albasa. Ta ba shi fura ya sha, ta ce ya gaida iyali.

To ga jakunkunanku nan, ga ƙwarya, ga duwatsu. Gobe za ku fara jigilar samira, kuma zan tsaya a kanku sai fuskarku ta daskare kamar tawa, domin idan ba ta daskare ba aikin banza za ku yi. Idan an aike ku unguwarmu, ku biya ku gaida Goggo, tana zaune kusa da murhun banda tana jiran kifin da wani ya zaɓa mata. Za ta ba ku dafaffen wake. Ku ci, ba na bogi ba ne. Tun daga waccan shekarar ko ƙwaro ɗaya bai ƙara shiga wakenmu ba.